Labarin ƙasa da takarda a Sudan

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku sani bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yo gabas da jama'a, suka sauka bakin kogin Nil Azrak kusa da Sinnar. Aka sare daji, aka yi gonaki, shaidar mallaka kuwa bakin dattawa.

A 1925 Turawan Ingila suka kafa dokar rubuta ƙasa cikin daftarin hukuma, amma galibin gonakin karkara ba su shiga ba. A 1970, zamanin Numairi, doka ta ce dukkan ƙasar da ba a rubuta ba ta hukuma ce. An shafe ta a 1984, sai dai wadda ta gaje ta ta riƙe asalin hukuncin: manomi ya ci amfani, ƙasa ta hukuma.

Saboda haka mai sayen gida ko gona ya ga sunan mai sayarwa cikin daftari kafin ya miƙa kuɗi. In an raba gado, a rubuta rabon kowa, har na mata da marayu. Ayar bashi cikin Baƙara ta isa gargaɗi. Allah ne masani. Tamat.