Ramin Dutsen Stringfellow da Tsayuwar Mutanen Glen Avon

A tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da masana'antun jiragen sama da na sarrafa ƙarfe da na maganin ƙwari suka bunƙasa a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, hukumomi sun shiga neman inda za a riƙa zubar da dagwalon da waɗannan masana'antu ke fitarwa, wato ruwan da ya gama aiki ya rage ɗauke da guba. Idonsu ya faɗa kan wani kwazazzabo mai suna Pyrite a gundumar Riverside, kimanin kilomita 80 gabas da birnin Los Angeles, inda James Stringfellow yake da kamfanin fasa dutse. A ƙasa da kwazazzabon akwai Glen Avon, ƙauyen masu ƙaramin ƙarfi da ke kiwon dawaki da kaji, waɗanda da yawansu daga rijiyoyin gidajensu suke shan ruwa.

Hujjar da aka kafa wajen zaɓen wurin ita ce ƙasansa dutse ne mai tauri da aka ɗauka ruwa ba ya ratsa shi, don haka idan aka toshe bakin kwazazzabon da bangon kankare zai zama tamkar randa. Masanin duwatsu na gwamnatin jiha ya duba wurin a 1955 ya amince da shi bayan wani ɗan taƙaitaccen bincike, aka kuma buɗe shi a 1956. Daga wannan shekara zuwa 1972 tankoki sun juye kimanin galan miliyan 34, kusan lita miliyan 130 ke nan, a cikin kududdufai da aka haƙa a fili mai eka 17, ba tare da an shimfiɗa musu komai a ƙasa ba, da nufin rana ta ƙafar da ruwan. A ciki akwai ruwan asid mai cin ƙarfe, da ƙarafa masu nauyi irin su kuromiyam da kadmiyam waɗanda ke taruwa a jiki, da sinadaran wanke maiƙo daga injuna, da ragowar maganin ƙwari na DDT. Abin da binciken farko bai gano ba, domin bai tona ƙasa yadda ya kamata ba, shi ne dutsen a tsattsage yake, kuma ruwa na bi ta ƙarƙashinsa yana gangarawa kai tsaye wajen rijiyoyin ƙauyen. Wannan sakaci shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, kuma yana da wuya a sama masa uzuri, tunda dutsen da aka daɗe ana fasawa ba abin da za a yarda da ƙarfinsa ba ne sai an gwada.

Mutanen ƙauyen sun fara ɗaga murya a 1969, bayan ruwan sama mai yawa ya sa kududdufan suka tumbatsa, dagwalon ya bi rafi ya shiga unguwanni. Iyaye mata ne suka ja gaba wajen kai ƙorafi, aka rufe wurin a 1972, amma rufewar ba ta kwashe ko digo ɗaya daga abin da aka riga aka zuba ba.

A watan Maris na 1978 aka sake samun ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma saboda tsoron kada bangon ya fashe gaba ɗaya, jami'an hukumar ruwa suka saki kusan galan miliyan guda da gangan, ba tare da sanar da iyaye ba. Ruwan ya malala ta tituna da kusa da makarantar firamare, yara suka yi ta wasa da kumfarsa suna shafawa a fuska a matsayin gemu, alhali ba su san abin da ke cikinta ba. Wannan ɓoye gaskiya, fiye da malalar kanta, shi ya tunzura jama'a. Wata malamar makaranta mai suna Penny Newman, wadda 'ya'yanta ke karatu a can, ta jagoranci ƙungiyar Concerned Neighbors in Action, ma'ana maƙwabtan da abin ya dama har suka tashi tsaye. Mambobinta, waɗanda ba su karanci ilimin sinadarai ba, sun koyi karanta rahotannin gwajin ruwa, suna rubuta cututtukan da ake gani gida gida, suna cika zaurukan taron hukuma, har ya zama ba a iya yanke shawara kan wurin a bayan idonsu.

Dokar da ake kira Superfund, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a Disamba 1980, ta kafa asusun tsabtace wuraren da guba ta lalata, tare da bai wa gwamnati ikon bin kamfanonin da suka zuba ta su biya. Ramin Stringfellow ya shiga jerin wuraren farko da asusun zai tsabtace a 1983, ya kuma zama sanadin abin kunya a Hukumar Kare Muhalli ta ƙasa. Rita Lavelle, jami'ar da ke kula da asusun, ta taɓa aiki da kamfanin Aerojet, ɗaya daga cikin masu zubar da dagwalo a wurin, kuma kotu ta same ta da laifin yi wa majalisa ƙarya kan lokacin da ta san hakan, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Shugabar hukumar, Anne Burford, ta yi murabus a Maris na 1983.

Shari'a ta ɗauki lokaci mai tsawo. Mazauna kusan 4,000 sun shigar da ƙara, suka samu diyyar da jimillarta ta haura dala miliyan 100, ko da yake idan aka raba ta aka cire kuɗin lauyoyi, abin da ya isa hannun kowa bai kai nauyin abin da aka sha ba. A wata shari'ar ta daban kotun tarayya ta ɗora mafi yawan alhakin a kan gwamnatin jihar, domin ita ta zaɓi wurin, ta tsara shi, ta kuma sa ido a kansa. An haɗa gidaje da ruwan famfo, an daina shan rijiyoyin, an kafa injunan da ke zuƙo ruwan ƙasa suna tace shi dare da rana. A 2001 kuma aka gano wani sinadari mai suna fakulorat, wanda ake haɗa makamashin roka da shi kuma yake dagula aikin halittar wuya da ciwon maƙoƙo ke kamawa, ya bi ruwan ƙasa ya yi nisan kilomitoci zuwa wajen kogin Santa Ana. Glen Avon a yau unguwa ce a cikin garin Jurupa Valley da aka kafa a 2011, jami'an jihar kuma suna ƙiyasta aikin tacewar da ɗaruruwan shekaru.