61 Cygni: Tagwayen Taurarin Da Aka Fara Auna Nisansu

61 Cygni wasu tagwayen taurari ne da ke cikin rukunin taurari na Cygnus a arewacin sararin samaniya, rukunin da mutanen dā suka kamanta da wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya irin dinya. Haskensu dishi-dishi ne. Sai a daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari, ido ke iya tsinkayarsu, shi ma a matsayin ɗigo ɗaya tak. Ƙaramar na'urar hangen nesa ce ke raba su biyu.

Dukansu launin ruwan lemo gare su, kuma ba su kai Rana girma ko zafi ba. Babban yana da kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin Rana, ƙaramin kuma ya ɗan gaza haka. Suna kewaya juna sannu a hankali, zagaye ɗaya na cin kusan shekaru 700.

Abin da ya ɗaukaka sunansu shi ne tafiyarsu. A shekarar 1804, masanin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya nuna cewa suna gusawa a sararin sama da saurin da ba a saba gani ba, har sukan ƙetare faɗin cikakken wata cikin kimanin shekaru 350. Masana suka yi hasashen cewa tauraron da ake ganin motsinsa haka lallai yana kusa.

Bajamushe Friedrich Bessel ne ya tabbatar da hasashen a 1838. Dabararsa tamkar ta mutumin da ya miƙa babban yatsansa ne, ya rufe ido ɗaya sannan ya rufe ɗayan, sai ya ga yatsan ya gusa. Bessel ya riƙa auna matsayin taurarin yayin da duniya ke kewaya Rana, daga ɗan gushin da ya gani kuma ya lissafa cewa haskensu na yin shekaru 10.3 kafin ya iso duniya. Ma'aunin zamani ya ce shekaru 11.4 ne, ke nan bai yi nisa da gaskiya ba. Wannan ne karon farko da aka wallafa amintaccen ma'aunin nisan wani tauraro ban da Rana.

Daga Najeriya ana ganin rukunin Cygnus ta arewa bayan sallar isha'i, musamman a watan Oktoba, lokacin da gizagizan damina suka janye kuma hazo bai sauko ba.