Yadda ƙera bindiga ya tashi daga hannun maƙeri ya koma masana'anta

Bindigar da ta yi sarauta a fagen fama tun daga ƙarni na 16 har zuwa tsakiyar na 19 ita ce wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, dangin wadda mafarauta ke kira adaka. Da farko da lagwani mai ci ake kunna ta. A farkon ƙarni na 17 maƙeran Faransa suka daidaita makunni mai dutsen ƙanƙara, wanda ke ƙyasta wuta idan an ja kunama. Gwanin soja kan yi harbi uku a minti guda, sai dai da wuya ya sami abin da ya auna idan nisan ya wuce mita 100. Shi ya sa ake jera sojoji sahu-sahu su saki wuta tare. Irin wannan makami ya iso Barno tun zamanin Mai Idris Aloma, wanda ya samo bindigogi da Turkawan da suka koya wa dakarunsa harbi.

Babbar matsalarta kuwa a wajen gyara take. Kowace bindiga aikin hannu ce, maƙeri yana goge ƙarfe da magagari har ya zauna a mazauninsa. Ko a Birmingham ta Ingila, inda aka raba aikin tsakanin ƙananan maƙeru kuma aka yi ta fitar da bindigogi masu arha zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kunamar wannan ba ta shiga waccan. Idan ƙaramin ƙarfe ya karye a sansani, bindigar ta zama sanda har sai an sami maƙeri.

Wani Bafaranshe, Honoré Blanc, shi ya nuna mafita. A 1785 ya baje sassan makunni 50 a gaban Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faris a lokacin. Jefferson ya riƙa tsintar sassa yadda ya ga dama yana haɗawa, suna zama daram, ya kuwa rubuta wa gwamnatinsa labari. A Faransa dabarar ba ta yi nisa ba, domin maƙera sun ga barazana ce ga abincinsu.

A Amurka, sunan Eli Whitney ne ya fi fita, amma ya ci yabon da bai kai gare shi ba. A 1798 ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 da alkawarin gamawa cikin kimanin shekara biyu, bai kammala ba sai 1809. A 1801 ya yi wa manyan gwamnati nunin musanya sassa, abin da ya sa aka ƙara masa lokaci da kuɗi (tsohuwar hanya ce ta ’yan kwangila). Masana da suka warware bindigoginsa daga baya sun iske cewa da hannu aka daidaita sassan, kuma ba sa musanyuwa.

Wanda ya cika aikin shi ne John Hall, a masana'antar gwamnati ta Harpers Ferry. Ya sami kwangilar bindiga 1,000 a 1819, ya ɓata shekaru yana ƙera injinan yanka ƙarfe da ma'aunai kafin ya miƙa kayan. A 1826 wani kwamiti ya warware bindigoginsa 100, ya cakuɗa sassan, aka sake haɗa su suka yi aiki. A masana'antar Springfield kuma, injin Thomas Blanchard ya riƙa sassaƙa katakon bindiga ta hanyar bin siffar samfur guda.

Wannan tsari bai zo da arha ba da farko. Gwamnati ce kaɗai ke iya ɗaukar nauyinsa, domin abin da soja ke buƙata shi ne gyara cikin sauri. A 1854 Birtaniya, wadda ta saba koyar da duniya sana'ar inji, ta aika jami'ai Amurka suka sayo injina don masana'antarta ta Enfield. Ma'aikatan da suka goge a masana'antun bindiga su ne suka kai dabarar ga masu ƙera keken ɗinki, daga nan ta isa ga keken hawa da mota, har ta haifar da kasuwar kayan gyara, inda ɗan kasuwa ke sayar da ƙarfe da lamba ba tare da ya ga injin da za a sa wa ba.