'Yan Doka, 'Yan Sanda da Ɓarawon Tudun Wada

Mai karatu, a zamanin Turawa hukuma biyu ce ke farautar ɓarawo a Zariya. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1930, masu kula da unguwar Turawa da tashar jirgin ƙasa. Akwai kuma 'yan doka na En'e, a ƙarƙashin Sarkin Zazzau.

Tudun Wada, unguwar baƙi ce tsakanin Ƙofar Doka da rafin Kubanni, nan wanda ya yi sata a tasha zai tsallako ya saje. Ɗan sanda yana da takarda, amma bai san lungu ba. Labari yana wurin mai unguwa, don shi ake sanar wa in baƙo ya sauka, daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai ɗan doka. Dole ɗan sanda ya bi wannan hanya kafin ya kama kowa.

Wannan kunnen dai shi aka juya kan 'yan NEPU a shekarun 1950, kuma da irin wannan zalunci aka kafa hujja lokacin da gwamnatin Gowon ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Aka ɗauki mutanen, aka sauya musu kaki, mai unguwa kuwa aka bar shi a zaurensa da labarinsa.