Araha da Ado: Tarihin Daimon daga Rami zuwa Inji

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Duk wanda ya leƙa shagunan kayan ƙawa na intanet a 'yan shekarun nan zai tarar da abin da ke neman ƙaryata wannan karin magana. Ga zobba biyu gefe da gefe, kowanne da ƙwayar lu'ulu'un nan da ake kira daimon, nauyinsu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, taurinsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau huɗu ko biyar, wani sa'in ma fiye. Mai tsadar daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi. Mai arahar kuwa a cikin inji aka raine shi, cikin 'yan makonni. Abin da mai saye ke fara tambaya shi ne, shin na injin jabu ne? Ba jabu ba ne, kuma za mu ga dalili. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: idan dutsen ɗaya ne, to me ake saye da ragowar kuɗin? Amsar tana cikin tarihi.

Tsawon ƙarnoni, kusan duk daimon ɗin da duniya ta sani daga Indiya yake fitowa, inda ake tsintar sa a cikin tsakuwar koguna, kasuwar Golkonda kuma ta yi suna wajen cinikinsa. Sai a wajen 1725 aka same shi a Barazil. A wancan zamani ƙarancinsa na gaskiya ne, shi ya sa ya zama kayan sarakuna. Amma masana sun daɗe suna son sanin da me aka yi shi. A 1772 Antoine Lavoisier na Faransa ya tattara hasken rana da ƙaton gilashi ya auna shi kan daimon, dutsen ya ƙone ƙurmus, ya bar irin iskar da gawayi ke fitarwa in ya ci wuta. A 1797 wani Bature ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya tabbatar da cewa daimon zallar sinadarin kabon ne, wato uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da gawayi da bakin fensir. Bambancin yana wajen jeri. A bakin fensir ƙwayoyin zarra a kwance suke falle-falle, shi ya sa suke saɓulewa su zauna a takarda. A daimon kowace ƙwaya ta damƙi guda huɗu, babu ta inda za a zame. Wannan jerin kan samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a cikin ƙasa, inda matsi da zafi suka kai intaha. Tun daga ranar da aka gane haka, ƙera daimon ya zama batun lokaci kawai.

Kafin lokacin ya zo, ƙasa da kanta ta fara karya farashi. A wajen 1867 wani yaro ya tsinci dutse mai ƙyalli kusa da Kogin Orange a Afirka ta Kudu. A 1871 dubban mutane suka yi tururuwa zuwa inda garin Kimberley yake a yau, suka haƙa ramin da har yanzu ake zuwa kallo, da diga da shebur. Daimon ya fara fitowa buhu-buhu, farashi ya kama gangara. Cecil Rhodes ya fahimci cewa arzikin ba zai ɗore ba sai mutum ɗaya ya riƙe bakin famfo. Ya yi ta sayen ramukan abokan hamayya har ya haɗe su a 1888 ƙarƙashin kamfanin De Beers, wanda kafin ƙarshen ƙarnin ya mallaki kusan kashi 90 cikin 100 na daimon ɗin da ake haƙowa a duniya. Baƙaƙen fatar da ke aikin ramin kuwa an killace su a sansanoni masu shinge, ana caje su tsirara don kada su fita da ko ƙwaya ɗaya.

Iyalin Oppenheimer, da suka karɓi ragamar kamfanin a 1929, sun ƙara ɗaure tsarin. Suka kafa ofishin sayarwa guda a Landan, inda ake gayyatar zaɓaɓɓun dillalai sau goma a shekara, a miƙa wa kowa akwatinsa da farashinsa, ko ya ɗauka ko ya bari. In kasuwa ta yi sanyi, sai a kulle kaya a rumbu. Ko da Tarayyar Sobiyet ta gano nata ma'adinan a Saberiya a tsakiyar shekarun 1950, De Beers ya ƙulla yarjejeniyar saye daga gare ta don kada kayan su malalo kasuwa.

Riƙe kaya rabin aikin ne, sauran rabin shi ne sa mutane su so shi. A 1938 kamfanin ya ɗauki hayar masu talla na N. W. Ayer a Amurka, suka shiga cusa daimon a finafinai da mujallu da yatsun taurari. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, wadda ita kanta ba ta taɓa aure ba, ta rubuta taken da ke cewa daimon na har abada ne. Taken ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya ɗaura daimon da soyayya, ya kuma sa sayar da zoben aure ya zama abin kunya, don haka miliyoyin duwatsun da ke hannun jama'a ba su dawo kasuwa sun karya farashi ba. Japan ce babbar shaida. A 1967 amaren da ke samun zoben daimon a can ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Zuwa 1981 sun kai wajen kashi 60. Al'adar da ake gani kamar ta kaka da kakanni, a ofishin talla aka zana ta.

Duk wannan lokaci masana na can suna fama da murhu. A 1880 James Hannay na Glasgow ya yi ta gasa bututun ƙarfe, yawancinsu suna fashewa. A 1893 Henri Moissan na Faransa ya narkar da kabon a cikin ƙarfe ya tsoma a ruwan sanyi. Dukansu sun ce sun dace, amma babu wanda ya iya maimaita aikinsu ya samu daimon. Nasarar farko ta zo a Fabrairun 1953 a kamfanin ASEA na Suwidin, sai dai sun ja bakinsu sun yi shiru. Ranar 16 ga Disamban 1954, Tracy Hall na kamfanin General Electric da ke Schenectady a jihar New York ya buɗe injin matsin da ya ƙirƙira ya ga 'yan ƙwayoyi suna walƙiya. Abokan aikinsa suka maimaita, suka samu. Aka sanar da duniya a Fabrairun 1955. Tukuicin da kamfanin ya ba shi takardar ajiya ce ta dala 10, bai daɗe ba ya ajiye aikin ya koma jami'a. Abokin aikinsa Robert Wentorf ma har markaɗen gyaɗa irin wanda ake shafa wa burodi ya saka a injin, ya fito da daimon, don ya nuna cewa kabon kabon ne ko daga ina ya fito.

Waɗannan ƙwayoyin farko kamar rairayi suke, ba su isa zobe ba, amma sun isa bakin zarto da na'urar huda dutse. A yau kusan duk daimon ɗin da masana'antu ke aiki da shi na inji ne. A 1970 General Electric ya yi wanda ya isa ado, sai dai kuɗin yin sa ya fi na haƙo shi. Hanya ta biyu ce ta ƙara buɗe ƙofa, wadda masana a Amurka da Rasha suka fara, wata cibiyar bincike ta Japan da ke Tsukuba ta inganta a farkon shekarun 1980. Ana ajiye siririn fallen daimon a matsayin iri a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a saki iskar metan da haidurojin, a zafafa su har su tarwatse, kabon ya riƙa sauka kan irin yana bin jerinsa, hawa kan hawa. Ta farko ita ake rubutawa HPHT a takardun shaida, ta biyu kuma CVD. Daga wajen 2015 masana'antu a lardin Henan na ƙasar Sin da birnin Surat na Indiya suka fara fitar da manyan duwatsu farare tas. A 2023 Firaministan Indiya Narendra Modi ya kai wa uwargidan shugaban Amurka, Jill Biden, tsarabar daimon ɗin inji mai karat 7.5.

Mu da ke sana'ar rubuta manhaja mun san ƙarshen irin wannan labari. Wahalar tana wajen yin na farko. Da zarar an san hanya, kowane kwafi sai ya fi na baya araha, kamar yadda katin ajiyar waya ke ƙara girma kuɗinsa na raguwa. Duk abin da ya koma hannun inji, farashinsa kan bi kuɗin lantarki da na ƙwadago, ya daina bin labarin da aka gina a kansa.

De Beers ya yi yaƙin ta fuska biyu. Tun shekarun 1990 ya ƙera na'urorin tantancewa, domin ido ko tabaron maƙeri ba sa iya rabe na rami da na inji, sai an duba salon girman dutsen da yadda yake amsa wani nau'in haske. A 2018, shekarar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta cire sharaɗin fitowa daga ƙasa a ma'anar daimon, kamfanin ya buɗe nasa shagon na inji mai suna Lightbox, karat ɗaya dala 800, don ya nuna wa duniya cewa wannan kayan kwalliya ne kawai. Kasuwa ta wuce shi a gangara. Ya rage zuwa dala 500 a 2024, sannan a Mayun 2025 ya sanar da rufe shagon, yana cewa farashin sari ya faɗi da kashi 90 cikin 100. Yanzu ƙarfinsa ya karkata ga rumbun bayanai mai suna Tracr, wanda ke riƙe tarihin dutse daga rami zuwa shago. Ma'ana, abin da ya rage na bambanci shi ne bayanin asali da aka adana a kwamfuta.

Kakanninmu sun ga makamancin wannan. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wurin kuma daga tsibiran Maldibs ake kawo shi, nisan hanya ke tsare darajarsa. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara loda jiragen ruwa da wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar suna saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce. Kafin ƙarshen ƙarnin darajar wuri ta zube har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara. Wanda ya tara shi a rumbu shi ya ji a jikinsa.

A wannan karon ma akwai masu ji a jika. Masu sayar da na inji kan tuna mana yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002, inda kuɗin daimon ya sayi makaman da aka yi ta'asa da su, da na Angola, abin da ya haifar da yarjejeniyar Kimberley ta 2003. Gaskiya ne. Amma akwai Botswana. Ta samu 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci, aka gano daimon a Orapa a 1967, gwamnati ta shiga haɗin gwiwar raba-daidai da De Beers, ta gina makarantu da asibitoci da hanyoyi. Daimon ne wajen kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa waje. Da na inji ya haɗu da sanyin kasuwar Sin, ciniki ya faɗi warwas. A zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki ta sha kaye, a Agustan 2025 kuma sabon shugaba Duma Boko ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda ƙarancin magunguna. Shi ma na injin ba wankakke ba ne, don yana shan lantarki sosai, kuma yawancin wutar da ake samarwa a Sin da Indiya daga kwal take.

To, mai haɗa lefe ko mai son yi wa kanta kwalliya, me tarihin nan ke gaya masa? Na farko, kada a auna daimon da ma'aunin gwal. Iyayenmu mata sun saba sayen sarƙa su ajiye, ranar buƙata a ɗora a sikeli a biya su daidai da farashin giram na ranar. Daimon ba ya haka. Ko na rami ne, mai shago ba zai karɓe shi kusa da kuɗin da ya sayar ba, balle na inji da sabonsa ke ƙara araha. A zobe, gwal ɗin da ya riƙe dutsen shi ne ajiyar. Na biyu, karat iri biyu ne: na gwal, kamar 18 ko 21, tsabta yake nunawa, na daimon kuwa nauyi ne, karat biyar ke yin giram ɗaya. Na uku, a guji cinikin biri a sama. A nemi takardar shaida daga cibiya irin su IGI ko GIA, a duba lambarta a shafinsu, a tabbata ta yi daidai da wadda aka zana da hasken leza a gefen dutsen. Akwai duwatsu irin su moisanait da zirkoniya masu kama da daimon amma sinadarinsu daban ne, kuma moisanait kan yaudari wasu ƙananan na'urorin gwaji.

Wanda ya zaɓi na rami yana biyan kuɗin shekaru biliyan da dutsen ya yi a ƙasa, da albashin ma'aikacin Jwaneng, da kuma tallan 1947. Wanda ya zaɓi na inji yana biyan kuɗin wuta da gwanintar mai yanka a Surat. Kowanne halalinsa ne ya zaɓa, muddin ya san abin da yake saye. Araha dai ta yi ado a wannan karon. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta zama asusu.