Tarihin Jinyar Taɓin Hankali a Ƙasar Batsari da Safana

Tun kafin asibiti ya iso yammacin ƙasar Katsina, mutanen ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Karare, suna da hanyoyinsu na jinyar wanda hankalinsa ya gushe, kuma hanyoyin nan duka sun ginu bisa fahimtar cewa ciwon yana da sanadi daga waje, ko iska, ko sammu, ko jarrabawar Ubangiji. Malami yakan rubuta ayoyi a allo, a wanke a ba majinyaci ya sha, a haɗa da tofi da hayaƙi. Boka yana aiki da saiwoyi da sassaƙe. 'Yan bori kuwa suna yin girka, wato keɓe majinyaci na 'yan kwanaki ana kaɗa masa garaya da buta har a gane iskar da ta hau shi, a sasanta da ita maimakon a kore ta. Abin da waɗannan masu magani suka yi tarayya a kansa shi ne ba sa raba mutum da danginsa, domin uwa ko yaya ce ke zaune a gefen tabarma, ita ke ba da labarin yadda abin ya faro. Sai dai al'adar tana da muninta, wato mari, ƙarfen da ake ɗaure ƙafafun mai duka da shi, wanda har a 2019 ana amfani da shi, lokacin da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura.

Turawan mulkin mallaka ba su zo da abin da ya fi wannan tausayi ba, domin gidan mahaukata na Yaba da aka buɗe a 1907, da dokar mahaukata ta 1916 wadda aka sabunta a 1958, sun ɗauki majinyaci a matsayin abin tsarewa. Sauyi na gaske ya zo a 1954, sa'ad da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyatan asibitin Aro ta Abeokuta a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, har yana neman shawarar masu maganin gargajiya. Daga baya Arewa ta sami asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Dawanau.

Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti shi ne baƙo na ƙarshe a wannan fage. Ya bambanta da likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke rubuta ƙwaya da allura, domin shi karatunsa na nazarin tunani da ɗabi'a ne, fannin da Jami'ar Nsukka ta fara buɗe wa sashe a 1964, sannan digiri na biyu da horo a ɗakin majinyata. Kayan aikinsa sauraro ne da tambaya. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Aaron Beck ya tsara a Amurka cikin shekarun 1960, inda ake taimaka wa mutum ya kama tunanin da ke jefa shi cikin tsoro ko baƙin ciki, ya auna shi da zahiri, sannan ya koma harkokinsa sannu a hankali.

Buƙatar wannan sana'a a ƙauyukan Batsari da Safana da ke bakin Dajin Rugu ba ta taɓa kai ta yanzu ba. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, sun bar mutanen da ba mahaukata ba ne, amma barci ya ƙaurace musu, ƙarar babur kaɗai tana sa su zabura, wasu matan kuma sun dawo daga daji da abin da kunya ba ta bari a faɗa. Irin waɗannan har yanzu wurin malami suke fara zuwa, kuma masanin da ya raina wannan mataki da wuya su sake masa jiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta soke ta 1958, ta kuma ba majinyaci 'yancinsa, amma masu wannan horo sun taru ne a manyan birane, nesa da manomin Karare.