Masana'antar da ta Shigo ta Gona: Ruwan Tiga da Sauyin Aiki a Kura da Bunkure

In ana zancen farkon masana'antu a Kano, hankali kan tafi Bompai, Sharaɗa da Challawa. Wannan maƙala ta nufi kudu da birni ne, Kura da Bunkure, inda tsarin masana'anta ya riski talaka yana tsaye a gonarsa. Hujjarta ita ce, abin da ya fara kuɓuce wa manomi shi ne iko da lokacinsa da ƙasarsa, injuna daga baya suka biyo.

Kura ta san sana'a tun kafin Turawa. A ƙarni na 19 marinanta na tsoma saƙi a baba, mabuga su barbaɗa masa shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗau ƙyalli, fatake su kwashi rawani ɗan Kura da turkuɗi su kai wa Buzaye. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe wa yadin Ingila kasuwa, ta ja manoma ga gyaɗa. Rini ya ƙanƙance, amma bai mutu ba.

Babban sauyin ya zo ne a shekarun 1970. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ta samu Gwamna Audu Baƙo, mutum mai son madatsun ruwa. Kuɗin man fetur ya shigo, farin 1972 zuwa 1974 ya tsorata kowa, ga birane sun koyi cin burodi alhali alkamarsa daga Amurka take zuwa. Aka kammala madatsar Tiga a 1974. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara aikin ban ruwa da madatsar za ta ciyar, da gonar gwaji a Kadawa, aka yi niyyar shayar da hekta 22,000 a zangon farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta.

A Ingila, killace filayen ƙauye ne ya taimaka wajen tura talakawa masaƙun Mancesta. A nan manomi bai je ko'ina ba, agogon masana'anta ne ya same shi. An karɓi gonaki, katafila ta baje su, aka mayar wa masu su bayan an zaftare rabon kanal da hanya. Daga nan ma'aikaci ke faɗin ranar sakin ruwa da ranar zuwan tarakta. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kanal da asubahin hunturu ya san hoton: yaro ya nutsa lanƙwasasshen bututu a ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya wurga shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya fara kwarara cikin fangali. In ya makara, rabonsa ya wuce sai wani zagayen.

Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin daga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna noman rani na wannan tsari yana cin kuɗi: taki, haya, ƙwadago. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin birni, wani lokaci ya dawo yana ƙwadago a cikinta. Gandu ya yi rauni, domin ɗan da zai samu kuɗi a hannu kullum yamma ba ya jiran rumbun uba. Dubban mutanen da tafkin Tiga ya tasa kuwa, su ne suka biya farashi mafi tsada. Tsargiya ta bi ruwan kanal, masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru suka ga ambaliyar da suke dogaro da ita ta ja baya.

Abin da ya fi jan hankalin mai wannan maƙala shi ne mata. Wani kamfanin Turai, BUD, ya buɗe gona a Kadawa yana noman kayan lambu don kasuwar Turai, ya ɗauki matan ƙauye tsinkar ɗanyen wake, da yawansu manyan mata da kulle bai hau kansu ba. Ana tsammanin za su karɓi duk abin da aka miƙa musu. Sai suka ajiye aiki a kan kuɗin lada. Sam Jackson ta rubuta labarin wannan yajin aiki a 1978, kuma ya cancanci a riƙa koyar da shi a tarihin ƙwadagon Arewa.

Alkamar da aka gina burin a kanta ba ta riƙe manoma ba, duk da hana shigo da ita a 1987. Shinkafa da tumatir suka karɓe filin. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ya yi ta tsayawa: tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye amfanin shekarar, sannan in farashi ya tashi a kasuwar Kwanar Gafan, manomi can yake kai kwandonsa. Ƙananan injunan casar shinkafa na Kura su ne suka kafu, da jarin 'yan gari. A bayansu akwai matan da ke turara shanshera a manyan tukwane, su shanya ta a gefen titin Zariya, yara na kora awaki kafin a kai ta inji.